Dabba ta mutu a gidan haya: ina za a kai mushen?

Wata mai sayar da ƙosai a kasuwar Filinge ta tare mu bayan mun fito daga gidan rediyo, ta ce tana da tambayar da ba ta son yi a iska. Ɗaki guda take haya, cikin gidan da iyali biyar ke zaune, rijiya ɗaya, tsakar gida ɗaya. Rago ta turke tun bayan kaka da kuɗin adashi, don ta sayar kafin Layya. Da asuba ta fito ta tarar ya miƙe ƙafafu, ba a samu yankawa ba. Mai gida ya ce ba za a tona masa rami a gida ba. Maƙwabta suka ce kafin azahar a fid da shi. Ta biya mai amalanke, ya ɗauka, da dare ta ji cewa cikin ƙorama ya jefar. Tambayarta ita ce: da me ya kamata ta yi?

Tambayar ba tata ba ce ita kaɗai. A ƙauyukan Kurfai, in dabba ta mutu sai a ja ta bayan gari, daji ya yi sauran. Amma gari ya cika, bayan gari na jiya ya zama unguwa, kuma ɗan haya ba shi da ƙasar da zai ce tasa ce. Rago ne, akuya ce, kaji ne, kare mai gadin shago ne ko mussar da ke kama ɓera a rumfa, duk ranar mutuwarsu matsalar ɗaya ce.

Ungulun da muka dogara da su

A da, ungulu ne ma'aikatan shara da ba a biya. Duk wanda ya girma kusa da mahauta ya san yadda suke cika bishiya. Yau sun yi ƙaranci a Afirka ta Yamma, har a 2015 aka sa irin ungulun da ke zama cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da farautar masu neman magani. Mushen da ungulu ba su ci ba, karnuka da ƙuda ke gadonsa. Ƙudan nan kuwa ba ya tambayar hanya tsakanin ƙorama da tiren ƙosai.

Ga kuma ruwa. Garuruwanmu cikin kwarin Dallol Boso suke, inda a wurare da dama, kamar wajen Balleyara, ruwan ƙasa ke kusa ƙwarai. Abin da ya sa lambu ke yi ke nan, shi ne kuma ya sa ruɓar mushe ke iya kaiwa rijiya. Wanda aka jefa ƙorama da rani, ruwan farko na damina zai kai shi tabkin da dabbobi ke sha.

Kafin a taɓa, a duba

Abu na farko shi ne sanin abin da ya kashe dabbar. Sau da yawa leda ce ta cushe tumbin rago, duk da dokar da ta hana ta tun 2014. Wannan asara ce, amma ba ta kama mutum. Akwai kuwa mutuwa uku da ba a wasa da su.

Ciwon saifa: dabba lafiya lau da yamma, da safe ta mutu, ciki ya kumbura da sauri, baƙin jinin da ba ya daskarewa na fita ta hanci ko ta dubura. Kada a feɗe, kada a cire fata. Ƙwayar cutar in ta sha iska takan yi shekaru gommai cikin ƙasa tana jira, kuma tana kama mahauci da majemi ta ƙaramin rauni a hannu.

Haukan kare: in kare ko mussa ta canza hali, tana dalalar da miyau, tana cizo, sannan ta mutu, kada a yar da ita a ɓoye. Likitan dabbobi na iya aika kanta Yamai a auna. Wanda ta ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi likita ranar nan a fara masa allura. Ana ƙiyasin cutar na kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara, kuma in alamunta suka fito magani ya ƙare.

Murar tsuntsaye: ba mu manta Magariya a 2006 ba. Kaji in suna faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ba na miya ba ne, ba na kasuwa ba ne.

A duk ukun nan, ma'aikatar kiwo ake fara sanarwa. Filinge ba ta rasa masu sani ba, tunda ƙasar gidan kiwon Tukunus ce, inda ake renon shanun Azawak tun zamanin Turawa.

In mutuwar yau da kullum ce

Kada mushe ya kwana, zafin ƙasarmu ba ya jira. A sa hannu cikin leda kafin a ɗauka, a cusa shi cikin buhu a ɗaure, a hana yara kusanta. A kai wajen gari, wuri mai tudu, nesa da rijiya, lambu da hanyar ruwa, taki ɗari ko fiye. Mussa, kaza ko ƙaramin kare, ramin mita 1 ya isa. Rago ko jaki, a yi mita 2. A danne da duwatsu ko ƙaya don kada karnuka su tone. Igiya da ƙasar turke a kwashe a binne tare, a wanke hannu da sabulu. Kada a jefa cikin salga, kada a jefa juji. Wanda kuma ya biya mai amalanke, ya haɗa shi da yaro babba ya ga inda aka binne. Kuskuren ƴar'uwarmu ke nan: ta biya kuɗin ɗauka, ba ta biya na tono ba.

Sai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa. Akwai masu zuwa su ce a ba su mushe da araha, su san yadda za su yi da shi. Addini ya haramta, kuma naman nan kasuwarmu zai dawo, watakila tukunyar ɗiyarki.

A Faransa, kusa da birnin Pari, akwai maƙabartar karnuka tun 1899. Mu ba wannan muke nema ba. Fili guda muke roƙo ma'aikatar magajin gari ta keɓe bayan gari, kowa ya san shi, da amalanke ɗaya da za a kira. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu turka, ku ke biyan kuɗin rumfa kowace ranar kasuwa, bakinku ne za a fi ji.

Mai ƙosai dai ta sake shiga adashi. Ta ce wannan karon tunkiya za ta saya, kuma ta fara tsince leda daga tsakar gida kowace safiya. Allah ya mayar mata da alheri.