Hadarin Farkon Damina da Jiragen Bakin Kogin Kaduna

Daga watan Afrilu zuwa Mayu ne hadari yake yi wa masunta da masu lambu na Malali, Unguwar Rimi da Kabala Doki ɓarna. Yakan taso daga gabas, galibi da la'asar ko cikin dare, iska da ƙura su riga ruwa isowa. Kafin mutum ya sauko daga gida aikin ya wuce.

Jirgin da aka ɗaure da igiya guda shi ne abin tausayi. Iska takan juya shi ta yi ta buga shi da duwatsu har katako ya tsage, ga shi kuwa da shi ake haye da kayan lambu zuwa kasuwa. Gara a kafa turke biyu, a ɗaure gaba da baya, nesa da dutse da itace mai rassa. Kada igiyar ta yi tsauri, gama kogin daga tsaunukan Jos yake fitowa, yakan ƙaru cikin dare ko ba a yi ɗigo a Kaduna ba, gajeriyar igiya kuwa sai ta dulmiyar da hancin jirgi.

Ƙaramin jirgi dai a jawo shi tudu a kife. Taki da injin ban-ruwa kada su kwana ciki.