Karatun lauya a waya: abin da ɗaliban Hasahisa ke buƙata

Kafin yaƙin Sudan, ɗan ƙauyukan Hausawan Hasahisa da ke son zama lauya yakan hau mota ya nufi babban birni, ya shiga Jami'ar Khartoum ko Jami'ar Nilain, wadda asalinta reshen Jami'ar Alƙahira ce. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe azuzuwan nan. A Disambar shekarar dakarun RSF masu yaƙar sojojin gwamnati suka kame Wad Madani, babban birnin jihar da Hasahisa take ciki, sai a Janairun 2025 sojoji suka ƙwato birnin. Ɗan karatun da ya rage a tsakani ya koma cikin waya: malami ya naɗi muryarsa, ya tura takardu ta Telegram ko WhatsApp, jarrabawa kuma sai an je wata cibiya a jihar da ke zaune lafiya. Da sadarwa ta katse a Fabrairun 2024, masu intanet ɗin Starlink ake biya kafin a sauke darasi.

Malaman sun yi ƙoƙari, ba a raina musu. Amma takardar da aka tura ba ta tambayar ɗalibi komai, alhali shari'a da tambaya ake koyonta.

A Amurka an daɗe da gano haka. A 1982 makarantun koyon lauya na Jami'ar Minnesota da ta Harvard suka kafa cibiyar CALI, wadda yanzu ke da darussan kwamfuta fiye da 1,000. Tsarin ba wuya. Kwamfuta za ta ba ka labarin wata ƙara, ta tambaye ka hukunci. In ka yi daidai ta ƙaro mai tsauri. In ka kuskure ta nuna maka inda ƙafarka ta zame, ta mayar da kai kan ƙa'idar, sannan ta sake jarraba ka da wani labarin.

A ɗauki misali daga gonakin Jazira, waɗanda ake shayarwa daga madatsar ruwan Sennar tun 1925. Wani ya noma hawashar wani, wato gonarsa, bisa a raba amfani biyu, babu rubutu, sai shaidar maƙwabta. Gyaɗa ta yi kyau, mai hawasha ya ce ai ƙwadago ya ɗauke shi. Wa zai kawo hujja? Shaidar baki ta wadatar? Me dokar mu'amalar jama'a ta 1984 ta tanada, me dokar shaida ta 1994 ta ce? Ɗalibin da ya sha kaye sau uku a kan wannan cikin wayarsa zai fi riƙe shi fiye da wanda ya haddace shafi goma. Irin wannan rigimar ce kuma danginsa za su fara kawo masa.

Darussan CALI da Turanci suke, kan dokar Amurka, don haka kwafe su ɓata lokaci ne. Malaman Sudan ne za su zauna su rubuta nasu da Larabci, kuma rubuta darasi mai rassa aiki ne mai cin rai, domin sai ka hango duk kuskuren da ɗalibi zai iya tafkawa. Dole ya zama mara nauyi, a sauke shi sau ɗaya, ya yi aiki ba intanet, a ƙaramar wayar da ake caji da hasken rana.

Wannan zai taimaki mai shirin jarrabawar mu'adala, wadda sai da ita ake shiga aikin lauya a Sudan. Tsayuwa gaban alƙali da yi wa shaida tambayoyi kuwa, har yanzu sai an bi wani tsohon lauya zuwa kotu.