Madugan Da Ke Tsara Sojojin Jikinmu: Darasi Ga Matasan Small Heath

A watan Oktoba na shekarar 2025 aka ba wasu masana uku, Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka da Shimon Sakaguchi na Japan, kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda binciken da suka yi a kan garkuwar jiki. Da yawanmu a nan unguwar Small Heath ta Birmingham mun ji labarin mun wuce, a ganinmu harka ce ta manyan farfesoshi. Alhali kuwa maganar ta shafi jinin da ke gudana a jikinmu, ta kuma shafi 'yan uwanmu da ke kwance a asibiti suna jiran mai ba su ɓargo.

Mai karatu, duk ƙwayoyin jinin ɗan Adam, jajaye da farare, uwarsu ɗaya, wato ƙwayar asali da ke zaune a cikin ɓargo. Kowace ƙwaya tana farawa ne da kundin gado iri ɗaya mai ƙwayoyin gado kimanin 20,000. To me ke sa wata ta zama ja mai dakon iska, wata kuma ta zama fara mai yaƙi da cuta? Amsar ita ce wasu sinadaran furotin kimanin 1,600 da ke hawa kan kundin, su kunna wannan ƙwayar gado su kashe waccan. Mu kira su madugai, domin kamar madugun fatake, su ke zaɓa wa ayari hanya.

Alal misali, madugu GATA1 yana jan ƙwaya zuwa hanyar jan jini, PU.1 kuma zuwa hanyar fari, kowanne yana danne ɗan'uwansa har ɗaya ya rinjaya. PAX5 shi ke tsare ƙwayoyin B, masu ƙera maganin cuta a jini. A 1999 masana a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suka nuna cewa idan babu shi, ƙwayar da ta kama hanyar zama B tana iya sauya sheƙa ta zama wata daban. Shi kuwa FOXP3, wanda ya jawo kyautar Nobel ɗin, yana samar da ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda ke hana sojojin jiki afka wa jikin da suke gadi. Yaron da aka haifa da FOXP3 mai lahani yakan kamu da cutar IPEX, garkuwarsa ta riƙa cin hanjinsa da fatarsa.

Idan madugu ya ɓata, ayari ya ɓata. A Jami'ar Birmingham, Farfesa Constanze Bonifer da Farfesa Peter Cockerill sun shafe shekaru suna nazarin yadda lalacewar madugu RUNX1 ke hana ƙwayoyi balaga, su yi ta hayayyafa barkatai har su zama sankarar jini. Sau da yawa maganin irin wannan sankara, da na yaran da aka haifa da raunin garkuwa, shi ne dashen ɓargo, a zuba wa majiyyaci lafiyayyun ƙwayoyin asali su sake gina masa jini.

Wannan ilmi ya riga ya iso ga cutar da muka fi sani, sikila. A Nijeriya kaɗai ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara. Madugu BCL11A ne ke kashe jinin jarirantaka bayan haihuwa, jinin da ba ya lanƙwasa kamar lauje. Maganin Casgevy yana rage ƙarfin wannan madugu a ƙwayoyin majiyyacin kansa, sai jinin jarirantakar ya dawo. Birtaniya ce ta fara amincewa da shi a duniya a Nuwamban 2023, kuma a Janairun 2025 aka amince hukumar lafiya ta NHS ta ba masu sikila 'yan shekara 12 zuwa sama a cibiyoyin Landan da Manchester da Birmingham.

Wani hanzari ba gudu ba, maganin na ƙalilan ne, kimanin mutum 50 a shekara, kuma bai shafi masu sankarar jini ko raunin garkuwa ba. Su har yanzu mai bayarwa suke jira. Ɗan'uwa na ciki ɗaya yakan dace sau ɗaya ne a cikin huɗu, sauran sai an duba rajista, kuma dacewa ta fi yiwuwa tsakanin masu asali ɗaya. Baƙar fata kuwa sun yi ƙaranci a rajistar. Wannan gibi ne ya sa iyayen Daniel De-Gale suka kafa ƙungiyar ACLT a 1996, shi kuma a 1999 ya zama baƙar fata na farko a Birtaniya da aka yi wa dashe daga wanda ba danginsa ba.

Saboda haka muna kira ga matasanmu, daga Coventry Road har Green Lane, da na Manchester. Ƙungiyar Anthony Nolan tana karɓar 'yan shekara 16 zuwa 30, kuma shiga ba ta wuce goga auduga a cikin kunci ba. Tara cikin goma na masu bayarwa ta jijiyar hannu ake ɗiba, ba tare da tiyata ba. Iyayenmu da malamanmu, muna roƙonku ku sa baki a majalisu da masallatai, domin tsoro da jita-jita ne ke hana da yawa. Bahaushe mai neman ɓargo a Ingila, sa'arsa ta fi ƙarfi a jinin Bahaushe. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.