Buhun da ba a rubuta wa suna ba: yadda bincike ke ɓata a intanet

Duk wanda ya taɓa ɗora buhun gero ko na shinkafa a mota daga Sanyinna zuwa Sakkwato ya san abin da ake fara yi: a rubuta sunan mai kaya da inda za a sauke shi a jikin buhun. In ba a rubuta ba, hatsin na nan, amma mai shi sai ya sha wahalar nema a tasha. Mu da muka shiga jami'a daga wannan yanki mun tarar haka abin yake ga rubuce-rubucen masana.

A zangon karatun da ya wuce an ba mu aikin gida, wani ɗan ajinmu ya kawo mana kwafin wata maƙala mai amfani ƙwarai. Sai dai shafin farko ya yage. Babu sunan marubuci, babu shekara, babu sunan mujallar da ta fito. Muka yi kwana biyu muna laluben intanet ba mu gano asalinta ba, dole muka ajiye ta, domin malami ba ya karɓar hujjar da ba a san mai ita ba.

Abin da ya ɓace mana shi ne bayanan shaidar rubutu, wato suna da adireshin da ake liƙa wa kowane littafi ko maƙala don a iya gano ta. Ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Malaman da suka kwafi littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Abdullahi da Muhammadu Bello da hannu sukan rubuta sunansu a ƙarshen littafi, wani lokaci har da ranar da suka gama. Masu kula da tsofaffin takardu a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato suna amfana da irin waɗannan bayanai har gobe.

Da intanet ta fara yaɗuwa, ma'aikatan laburare da masana kwamfuta suka yi taro a watan Maris na 1995 a wani gari mai suna Dublin da ke jihar Ohio a Amurka. Can suka tsara wani ma'auni da ake kira Dublin Core, wanda ya fara da gurabe 13, daga baya suka zama 15. A cikinsu akwai take, da marubuci, da batu, da kwanan wata, da mawallafi, da harshe, da wurin da rubutun ya shafa. Kamar fom ɗin JAMB yake: kowa ya cike gurabe iri ɗaya, kwamfuta ta iya tantancewa.

To, ina matsalar? Guraben sun wadatar da littafi, amma maƙala ba ta zaune ita kaɗai. Ɗaki ce a cikin gidan haya. Kafin a same ta sai an san sunan mujallar, da kundi na nawa, da fitowa ta nawa, da shafin da ta fara da wanda ta ƙare. Babu gurbi ko ɗaya a cikin 15 ɗin da aka keɓe wa wannan. Wani laburare ya cusa bayanin a nan, wani a can, kwamfutoci suka kasa fahimtar juna. Shi ya sa aka kafa kwamiti, aka faɗaɗa ma'aunin, aka ƙara wurin rubuta cikakken adireshin maƙala da wurin nuna mujallar da ta ƙunshe ta.

An kuma samar da lambobi. Kowace mujalla na iya samun lambar ISSN mai alƙaluma 8. Tun daga shekarar 2000 ƙungiyar Crossref ke rajistar lambar DOI ga maƙaloli, wadda kullum take farawa da 10, kuma ko an sauya wa maƙala mazauni a intanet lambar za ta kai ka. A 2012 aka fara ba marubuta lambar ORCID, kamar dai yadda NIN ke bambanta ku a wajen rajistar jarrabawa. Ku ƙirga masu suna Abubakar Muhammad Tambuwal da kuka sani, za ku ga amfaninta.

Mu Hausawa muna da ƙarin ciwon kai. Na farko, haruffa masu lanƙwasa: ƙ da ɗ da ɓ. Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana fitar da mujalla mai suna Ɗunɗaye. In mai shigar da bayanai ya rubuta da lanƙwasa, mai nema kuma ya rubuta babu, wasu rumbunan ba za su haɗa su ba. Na biyu, sunayen garuruwa. Wani ya rubuta Tambuwal, wani Tambawal. Wani Sokoto, wani Sakkwato. Mai neman bincike kan ƙaramar hukumar Kebbe kuwa sau da yawa jihar Kebbi za a jibgo masa. In an bar gurbin wuri babu komai, binciken da aka yi kan gonakinmu ko rijiyoyinmu yana iya kasancewa a rumbu, mu kuma ba mu sani ba.

Akwai masu ƙoƙari. Tun 1998 dandalin AJOL ke tattara mujallun masanan Afirka, kuma na Nijeriya na da yawa a ciki. Duk da haka, mujallar da aka buga a takarda kawai, ko aka ɗora hotonta ba tare da bayanan shaida ba, tamkar ba ta fito ba ce ga ɗalibin da ke nema da waya.

Ƙannenmu, ba sai kun shiga jami'a za ku fara ba. Duk abin da kuka ɗauko don muhawara ko aikin gida, ku rubuta abu biyar a bayan littafinku: wa ya rubuta, mene ne taken, wace shekara, a ina ya fito, shafi na nawa. In za ku ɗauki hoton takarda da waya, ku fara da bango da shafin farko. Ku sa madannin Hausa a wayoyinku, ku saba da lanƙwasa. In kun nemi abu ba ku samu ba, ku gwada wata hanyar rubuta sunan.

Mai sha'awar wannan fanni kuma ya sani karatu ne da ake yi har digiri, ilimin laburare da sarrafa bayanai, kuma ana koyar da shi a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano. Rumbunan nan suna buƙatar wanda ya san Kebbe daban, Kebbi daban.