Ɗanku Yana Jami'a: Yana Motsa Jiki Kuwa?

Yaron da ya tashi da fartanya a hannu, da zarar ya shiga jami'a sai zama ya kama shi: aji, ɗaki, waya. Haka abin yake a Zariya, haka yake a Jami'ar Omar Bongo ta Libreville, kusa da unguwar Plaine Orety. Wani, bayan 'yan watanni, barci ya ƙi masa, abinci ya fita ransa, har ya fara tambayar amfanin karatun.

A ƙasar Sin, kowace shekara ana gwada ɗaliban jami'a da gudu: maza mita 1,000, mata mita 800. A Jami'ar Tsinghua ta Beijing kuwa, tun 1957 ake gaya musu su motsa jiki domin su yi wa ƙasarsu aiki shekara 50 da lafiyarsu. Wannan ya fi gwajin burge ni, gama an ba gudun dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi aƙalla minti 150 a mako. Tafiya da sauri ma ta isa. Iyaye, in ya bugo waya, ku tambaye shi wannan, ba sakamakon jarrabawa kaɗai ba. In baƙin cikin ya wuce mako 2, ko ya ambaci mutuwa, a kai shi asibiti.