Fashewar Manyan Taurari: Tsakanin Lissafi da Shaidar Na'ura

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masana ilimin taurari suke sanin abin da ke aukuwa a cikin tauraro mai fashewa, wato sufanoba, alhali ba mai iya leƙa cikinsa. Dabararsu ita ce su kwaikwayi fashewar da lissafi a kwamfuta, sa'an nan su auna sakamakon da abin da na'urori suka hango.

2.0 Abin da Lissafi Ya Nuna

Tauraron da ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye yakan rayu ne ta hanyar haɗe ƙananan sinadarai su zama manya: haidirojin ya koma hiliyom, daga nan kabon, oksijin, silikon, har a tuƙe da ƙarfe. To, haɗe ƙarfe ba ya samar da makamashi. Saboda haka da zarar cibiyar ƙarfen ta kai kimanin nauyin rana 1.4, sai ta rufta cikin ƙasa da daƙiƙa guda. A 1966 Colgate da White suka ƙiyasta cewa wasu ƙwayoyin zarra marasa ganuwa, wato niyutirino, su ne ke ingiza sauran jikin tauraron ya tarwatse, sinadaransa su bazu a samaniya.

3.0 Gwajin 1987

Ranar 23 ga Fabrairu, 1987, hasken wata fashewa ya iso duniya bayan tafiyar shekara kusan 168,000. Sa'o'i kaɗan kafin a gan shi, na'urori a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kama niyutirino ashirin da 'yan kai. Bugu da ƙari, lissafi ya ce fashewar za ta haifar da nikel, ya rikiɗe kobal, kobal kuma rabinsa ya koma ƙarfe duk kwana 77. Da wannan ma'auni kuwa hasken ya riƙa dusashewa. Sai dai an yi tsammanin jan tauraro ne zai fashe, amma tsofaffin hotuna suka nuna shuɗi ne. Wannan ya tilasta wa masana sake duba lissafinsu.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa lissafi ba ya zama hujja sai shaidar na'ura ta gaskata shi. Ta wannan hanya ce aka tabbatar cewa mafi yawan oksijin da muke shaƙa a cikin irin waɗannan taurari aka samar da shi.