Halin shugabanni da dimokaraɗiyya: darasi daga tarihin Nijar

Ya kai mai karatu, in ƙasa ta fita daga mulkin kama-karya, zaɓe shi kaɗai ba ya kafa dimokaraɗiyya. Ana bukatar shugabannin da za su yarda doka ta fi su ƙarfi, da jama'ar da ta saba da shawara. Tarihin ƙasarmu ya nuna haka.

Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974. A zamaninsa babu jam'iyyun siyasa, kuma mutane suna tsoron faɗin ra'ayinsu. Da ya rasu a 1987, Ali Saibu ya gaje shi. Shi ma soja ne, amma mai sassauci. Ya saki fursunonin siyasa. Da ɗalibai da ƙungiyoyin ma'aikata suka matsa lamba, ya amince da jam'iyyu da yawa. Babban taron ƙasa da aka yi a Yamai a 1991 ya rage masa iko, ya haƙura. A 1993 ya miƙa mulki ga Mahamman Usman, wanda jama'a suka zaɓa.

Sai dai halin tsohon zamani bai gushe ba. An saba ganin mutum ɗaya yana riƙe da komai, ba a saba raba iko ba. A 1995 ƴan adawa suka sami rinjaye a majalisa, Hama Amadu ya zama firaminista. Shi da shugaban ƙasa suka kasa aiki tare, ayyukan gwamnati suka tsaya. A watan Janairun 1996 sojoji suka yi juyin mulki.

Dubi kuma abin da ya faru a 2009. Tanja Mamadu ya kusa cika wa'adi biyu da tsarin mulki ya ba shi, sai ya nemi tazarce. Ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki. A Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi. A 2021 ne karo na farko da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki, amma a Yulin 2023 sojoji suka sake karɓa.

Wannan darasi ya shafe ka, domin irin wannan hali yana farawa daga ƙungiyar manoma, asusun mata da kwamitin makaranta. Ka lura da shugaban ƙungiyarku. Yana bayyana lissafin kuɗi? Yana sauraren wanda ya saɓa masa? In wa'adinsa ya cika, yana sauka? Ku tattauna waɗannan tambayoyi a ajinku.